Yadda ake bin diddigin rayuwar Alma Söderhjelm, farfesa mace ta farko a Finlan

Duk inda aka ambaci Alma Söderhjelm, magana ɗaya ce ke fara fitowa: ita ce mace ta farko da ta zama farfesa a ƙasar Finlan. Gaskiya ne, amma wanda ya tsaya nan bai rubuta tarihin kowa ba, lambar yabo kawai ya maƙala mata a ƙirji. An haife ta a Viipuri ranar 10 ga Mayu 1870, ta rasu a Saltsjöbaden kusa da Stockholm ranar 16 ga Maris 1949. A cikin shekaru 78 ɗin nan ta rubuta kundin digirin digirgir da Faransanci, ta rubuta tarihin garuruwa biyu na gaɓar tekun Finlan, ta fito da wasiƙun sirri na sarauniyar Faransa, ta yi rubutu a jaridu, ta taɓa ƙagaggun labarai. Ga yadda ake tattara irin wannan rayuwa daga takardu, da wuraren da masu bincike suka fi yin tuntuɓe. Hanyar za ta yi wa sauran matan zamaninta aiki, irin su Tekla Hultin da Liisi Karttunen.

Harshe da sunaye

Rayuwar wannan mata ba da harshe ɗaya aka rubuta ta ba. Ta fito ne daga tsirarun mutanen Finlan masu magana da Suwidanci, kuma da shi ta yi yawancin rubutunta. Aikin ilimin da ya fitar da sunanta waje da Faransanci yake. Jaridun masu rinjaye da Finlanci suke, takardun da suka fito daga fadar Sarkin Rasha kuma akwai na Rashanci a cikinsu, domin daga 1809 zuwa 1917 Finlan tana ƙarƙashin Rasha ne, da dokokinta da kuɗinta amma ba da cikakken 'yanci ba. In harshe ɗaya za a iya koya, a koyi karanta Suwidanci, Faransanci ya biyo baya. Manhajar fassara tana nuna inda shafi ya dosa, amma ba a amince mata da sunayen muƙamai da digirori. Nan take ɓarna, kuma nan ne mafi yawan rikicin tarihin Alma yake.

Garuruwa sunansu biyu-biyu. Helsinki ita ce Helsingfors, Turku ita ce Åbo, Pietarsaari ita ce Jakobstad, Raahe ita ce Brahestad. Garin haihuwarta ma uku gare shi: Viipuri da Finlanci, Viborg ko Wiborg da Suwidanci, Vyborg a taswirar Rasha ta yau. A rubuta waɗannan a takarda ɗaya a ajiye a gefen kwamfuta, kuma kowane nema a yi shi da duka sunayen. A jerin haruffan Finlan da Suwidin, å da ä da ö a ƙarshe suke zuwa, bayan z. Saboda haka Söderhjelm ba ya zama kusa da sunayen da suka fara da So, sai a can ƙarshen harafin S. Tsofaffin fihirisai kuma sukan haɗa V da W wuri ɗaya. A takardun Rashanci harafin h yakan koma g, shi ya sa Helsingfors ke zama Gelsingfors. Sunan gidansu ma haka zai rikiɗe.

Tebur kafin labari

Kada a fara rubuta labari. A fara da tebur mai layi biyar a tsaye: rana, abin da ya faru, takardar da ta faɗa, wanda ya rubuta takardar da lokacin da ya rubuta, sai ƙarfin hujjar. Wannan layi na ƙarshe alama uku ta ishe shi: an gani a takardar asali, an gani a jaridar lokacin, ko an gani a littafin da aka rubuta daga baya. Duk ranar da alamar ta uku kaɗai ke riƙe da ita, aro ce, ba ta zama taka ba tukuna.

Za a cika tebur ɗin a karon farko daga ƙamusoshin tarihin mutane guda uku da ke intanet: Biografiskt lexikon för Finland da Uppslagsverket Finland da Suwidanci, da Kansallisbiografia da Finlanci. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Amma a kula: idan ukun suka yi daidai a kan wata rana, ba shaidu uku aka samu ba, mai yiwuwa ne shaida ɗaya ce ta sa riga uku, domin marubutan irin waɗannan ƙamusoshi kan ɗebo daga rijiya ɗaya. Babban aikin ilimi a kanta shi ne kundin Marja Engman na 1996. A karanta shi bayan an cika tebur, ba kafin ba, don a san tambayoyin da za a je masa da su.

Littattafan coci da matsalar Viipuri

A Finlan ta wancan zamani, cocin Lutheran ne ke riƙe da rajistar jama'a. Littafi uku ake nema. Na haihuwa da baftisma yana ba da rana, sunan iyaye, muƙamin uba, da sunayen waɗanda suka tsaya wa jaririya, kuma wannan jeri na ƙarshe ya fi yadda ake zato amfani, don shi ke nuna gidajen da dangin ke hulɗa da su. Na biyu shi ne wanda ake kira rippikirja da Finlanci, kommunionbok da Suwidanci: kowane gida da shafinsa, da 'ya'ya a jere, da ranar da wani ya ƙaura. Na uku rajistar masu shiga da fita daga ikilisiya.

Viipuri gari ne mai harsuna huɗu, kuma mabiya Lutheran a can sun kasu zuwa ikilisiyar Finlanci, ta Suwidanci da ta Jamusanci. Wanda ya leƙa ta Finlanci kaɗai bai ga suna ba, ya ce babu, ya yi gaggawa. Ga gida irin nasu, a fara da ta Suwidanci.

Babbar matsalar ita ce garin ya bar hannun Finlan. An miƙa shi ga Tarayyar Sobiyat a 1940, Finlan ta sake kama shi a 1941, ya sake tafiya a 1944. Takardun sun rabu biyu. Littattafan cocin Karelia, yankin da Viipuri ke ciki, da aka kwashe suna reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Mikkeli, kuma da yawansu an ɗauki hotonsu. Ana neman su ta shafin Astia na ma'adanar, ko ta rumbun bayanan Katiha wanda aka yi musamman don yankin da aka rasa. Wasu takardun hukumomi sun zauna a Vyborg, a ma'adanar lardin Leningrad. Katiha da HisKi, rumbun ƙungiyar masu bin asali ta Finlan, kwafe ne da mutane suka buga da hannu. A yi amfani da su a gano shafi, sannan a buɗe hoton littafin a karanta da ido. Gani ya kori ji.

Daga nan za a fito da gidan: mahaifinta Woldemar Söderhjelm masanin shari'a ne da ya kai muƙamin prokurator, wato babban jami'in da ke sa ido kan bin doka a gwamnatin Finlan, yayanta Werner kuma farfesan harsuna da adabi ne. A riƙe sunayen nan biyu, za su dawo.

Jami'a, inda shekaru ke rikicewa

Abu na farko, sunan jami'ar da ta yi karatu. An kafa ta a Turku a 1640, aka mai da ita Helsinki a 1828 bayan gobarar da ta cinye Turku a 1827, ta zama Jami'ar Alexander ta Sarkin Rasha, kuma sai a 1919 ta ɗauki sunan Jami'ar Helsinki. Wanda ya rubuta cewa Alma ta shiga Jami'ar Helsinki bai yi ƙarya ba, amma gara ya faɗi sunan lokacin sau ɗaya. Kuskuren da ya fi muni shi ne rikita Åbo Akademi, jami'ar Suwidanci da aka kafa a Turku a 1918, da Jami'ar Turku ta Finlanci da aka kafa a 1920, ko da tsohuwar makarantar 1640. Abu uku ne daban a gari ɗaya. Alma a Åbo Akademi ta zama farfesa.

Abu na biyu, izini. Har zuwa 1901, mace ba ta shiga jami'ar sai ta rubuta takardar roƙo an ba ta izini na musamman, abin da mutane suka riƙa kira neman a yafe mata jinsinta. Marie Tschetschulin ce ta fara shiga a 1870, Emma Irene Åström ta fara kammala digiri a 1882. Ke nan duk macen da ta yi karatu kafin 1901 ta bar takardar roƙo da amsarta a wani fayil, kuma wannan sa'a ce ga mai bincike, don ɗalibi namiji bai bar irinta ba. Rajistar ɗaliban 1853 zuwa 1899 tana intanet da sunan Ylioppilasmatrikkeli. Daga can za a sami shekarar shiga da ta kowane digiri, sannan a tafi da su ga bayanan zaman majalisar jami'a, wadda ake kira konsistorium, a ma'adanar jami'ar. Yawancinsu da Suwidanci aka rubuta.

Abu na uku, digirori. Tsarin lokacin ba irin na yau ba ne. Ɗalibi yakan ci jarrabawar kandidat, sannan a ba shi laƙabin magister a wani biki da ba kowace shekara ake yi ba. Haka kuma yakan kare kundinsa a gaban jama'a, ya sami licentiat, laƙabin dakta ya zo daga baya. Shi ya sa littafi ɗaya zai ce Tekla Hultin ta zama dakta a 1896, wani ya ce 1897, kuma babu maƙaryaci a cikinsu: ɗaya ranar kare kundi yake nufi, ɗaya ranar laƙabi. A tebur, kowanne da layinsa. Kundin Alma, a kan dokokin 'yan jarida a lokacin juyin juya halin Faransa, ta kare shi a 1900, kuma aikin ya fito a juzu'i biyu, 1900 da 1901. Ta yi binciken ne a Paris a ƙarƙashin Alphonse Aulard, mai riƙe da kujerar tarihin juyin juya halin a Sorbonne.

Sai giɓin da ya fi kowanne jan hankali. Ta kare kundi a 1900, jami'a ta goyi bayan a ba ta matsayin docent, wato izinin koyarwa a jami'a, amma naɗin bai tabbata ba sai 1906. Mai saurin hukunci zai ce don ita mace ce, ya wuce. Ba a cire wannan ba, amma a dubi shekarun. A Fabrairu 1899 Sarki Nicholas na Biyu ya fitar da sanarwar da ta rage ikon dokokin Finlan, Gwamna-janar Bobrikov ya matsa wa ƙasar lamba har aka harbe shi a 1904, kuma matsin bai sassauta ba sai bayan yajin aikin gama-gari na 1905. Naɗin malaman jami'a yana bi ta ofishin kansila, wato babban shugaban jami'ar, a Saint Petersburg, kuma hukumomin Rasha ba su kallon mahaifinta da yayanta da idon rahama. Don haka a nemi takardu biyu, ba ɗaya ba: abin da majalisar jami'a ta ce a Helsinki, da amsar da ta dawo daga can. Marubucin da ya danganta jinkirin ga dalili ɗaya ba tare da ya ga biyun ba, ra'ayinsa ya rubuta.

“Ta farko” a me?

Kalmar nan tana buƙatar a ɗaure ta da igiya gajera. Alma ba ita ce mace ta farko da ta kare kundin digirgir a Finlan ba: Karolina Eskelin ta riga ta a fannin likitanci a 1895, Tekla Hultin ta biyo a fannin tarihi, Alma ce ta uku. Kafin su duka ma, Lydia Sesemann, ita ma 'yar Finlan, ta sami nata a fannin kimiyyar sinadarai a 1874, amma a Zürich. Abin da ke nata shi ne docent mace ta farko a 1906, da farfesa mace ta farko a 1927, a fannin tarihin duniya, muƙamin da ta riƙe har 1937.

Docent ba farfesa ba ne, ba kuma cikakken ma'aikaci mai kujera ba. Izini ne na koyarwa a jami'a ga wanda ya nuna ƙwarewa. Ta shekara ashirin da ɗaya a wannan mataki, kuma wannan tsawon zama shi kansa babi ne. Farfesa ma iri-iri ne a takardun lokacin: akwai ordinarie mai kujera ta dindindin, akwai extra ordinarie, wanda ake gajartawa e.o., akwai kuma muƙamin da aka yi wa mutum ɗaya, ya tafi da tafiyarsa. A kwafo kalmar da ke takardar naɗi harafi da harafi, a kuma bincika daga ina kuɗin muƙamin ya fito, domin Åbo Akademi a lokacin jami'a ce mai zaman kanta da ke rayuwa da kyautar masu hannu da shuni. A Jami'ar Helsinki, ta gwamnati, sai 1930 mace ta zama farfesa, wato likita Laimi Leidenius. In an ga wani littafi ya kira Leidenius ta farko, ba musu yake da kowa ba, wata tambayar yake amsawa.

Jaridu

Laburaren Ƙasa na Finlan ya ɗauki hoton tsofaffin jaridu ya zuba a shafinsa na Digi, kuma kusan duk tsawon rayuwar aikin Alma ana iya karanta shi daga ko'ina. A fara da Hufvudstadsbladet, Åbo Underrättelser inda ta riƙa rubutu, Wiborgs Nyheter, da Nya Pressen wadda aka rufe a 1900. A ɓangaren Finlanci akwai Uusi Suometar da Päivälehti, wadda bayan an rufe ta a 1904 ta dawo da sunan Helsingin Sanomat.

Nema da cikakken suna yana zubar da rabin abin da ke akwai. Finlanci yana liƙa wa suna ɗafi: Söderhjelmin, Söderhjelmiä, Söderhjelmille. A rubuta farkon sunan a sa alamar tauraro a ƙarshe. Jaridun Finlanci da dama kuma da tsohon rubutun Fraktur aka buga su, kwamfuta tana karanta shi a karkace: babban S ya koma G, ö ya koma o, m ya rabu ya zama rn. A gwada sunan a gurguje iri huɗu ko biyar, kuma in an san ranar wani abu, a buɗe jaridar ranar da ta kwana uku bayanta a bi shafi-shafi.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne Werner. Duk “prof. Söderhjelm” da aka gani kafin 1927, shi ne, ba ita ba. Ita za a same ta a matsayin fröken ko neiti, wato laƙabin macen da ba ta yi aure ba, daga baya fil. dr, wato dakta, daga baya docenten. Akwai kuma Henning Söderhjelm ɗan jarida da J. O. Söderhjelm ɗan siyasa. A taƙaita nema zuwa shekara biyar-biyar, in ba haka ba sakamakon zai yi yawan da ba a iya tacewa.

Aikin da kansa

Nan ne yawancin rubuce-rubuce a kan matan da suka fara buɗe ƙofa ke faɗuwa: a ba da labarin ƙofar, a manta da abin da matar ta shigo da shi. A ware wa wannan ɓangare rabin lokacin bincike gaba ɗaya.

A fara da jerin duk abin da ta wallafa, daga Fennica, kundin littattafan Finlan da ake samu ta Finna, da Libris na Suwidin, da kundin Laburaren Ƙasa na Faransa. A kasa su kashi huɗu: juyin juya halin Faransa, tarihin garuruwa, tarihin manyan mutanen Suwidin, da adabi da tarihin kanta. Tarihin Jakobstad ya fito a juzu'i uku tsakanin 1907 da 1914, na Brahestad a 1911. Kada a raina su don ba su da ƙyalli. A tambayi wa ya ba da aikin, nawa aka biya, me ya sa ƙwararriya a tarihin Faransa ta shafe shekaru a takardun ƙananan garuruwan tashar jiragen ruwa. Amsar tana bayanan zaman majalisun garuruwan, kuma tana faɗin abubuwa da yawa game da abin da docent ke ci.

Sunanta a waje ya tsaya ne a kan Axel von Fersen, basaraken Suwidin da ya shirya guduwar Sarki Louis na Sha Shida da iyalinsa daga Paris a daren 20 ga Yuni 1791, guduwar da ta ƙare a Varennes. Ta fitar da littafin ajiyar ranakunsa a juzu'i huɗu tsakanin 1925 da 1936, da wani littafi na Faransanci a 1930 a kan shi da Sarauniya Marie-Antoinette, sannan a 1934 wasiƙun sirri tsakanin sarauniyar da ɗan majalisa Antoine Barnave, na Yuli 1791 zuwa Janairu 1792.

Don a auna wannan aiki, dole a san abin da ta tarar. Wasiƙun Fersen da sarauniyar wani ɗan danginsa, Baron Klinckowström, ya fara buga su a 1877 da 1878, da giɓi a wuraren da aka shafe rubutu. Wasiƙun Barnave kuma Heidenstam ya buga su a 1913 a yanayin da ya sa wasu masana suka yi shakkar ingancinsu. Aikinta shi ne komawa ga takardun da ke hannun dangi a Suwidin ta fito da rubutun yadda yake. To, ga yadda ake gwada mai irin wannan aiki. A zaɓi wasiƙa goma, ba fiye ba. A ajiye bugunta a hagu, bugun wanda ya riga ta a dama, in an sami hoton takardar asali a sa a tsakiya. A bi layi-layi ana alama kala uku: inda ta cike abin da aka tsallake, inda ta gyara karatu, inda ita ma ta yanke ko ta taƙaita. Sannan a karanta gabatarwarta a ga ko ta faɗa wa mai karatu ƙa'idar da ta bi. Wasiƙa goma da aka bi haka sun fi shafi ɗari na yabo.

Akwai abin da ba ta da halin gani. Wani kaso na wasiƙun Fersen da sarauniyar ya shiga Ma'adanar Tarihi ta Faransa a 1982, kuma a 2021 masu bincike a Paris suka wallafa sakamakon haska wasiƙu 15 da eksire. Tawadar rubutu da tawadar shafewa sun bambanta a yawan tagulla da sauran ma'adinan da ke cikinsu, ta haka aka karanta abin da ke ƙarƙashi a guda 8, aka tarar da kalaman ƙauna, aka kuma gano cewa alamu sun nuna Fersen da kansa ne ya shafe. Wannan bincike ya zo shekara 72 bayan rasuwarta. A yi amfani da shi a ga inda hasashenta ya dace da inda ya kauce, amma ba a tuhumar ta da rashin na'urar da ba a ƙirƙira ba.

Sai sharhin takwarorinta. A nemi abin da aka rubuta kan kowane littafi a Historisk Tidskrift för Finland, Historiallinen Aikakauskirja, Finsk Tidskrift, da Revue historique ta Faransa, wadda tsofaffin fitowarta ke Gallica, shafin intanet na Laburaren Ƙasa na Faransa. A raba sukar gida biyu: wadda ta nuna kuskure a shafi kaza, da wadda ke ƙorafin salo, ko cewa malamar jami'a ba ta kamata ta rubuta labarin soyayya ko shafin jarida ba. Ta farko hujja ce a kan aikinta. Ta biyu hujja ce a kan mai sukar da zamaninsa, kuma ita ma tana da wurinta a labarin.

Waƙa a bakin mai ita

Ta rubuta tarihin kanta, Min värld, a juzu'i uku tsakanin 1929 da 1931. Ta iya alƙalami, kuma haɗarin ke nan: jimlolinta za su shiga rubutun mai bincike ba tare da ya sani ba, ya wayi gari yana ganin Paris da Helsinki da idonta. Ta rubuta shi tana kusan shekara sittin, tana sabuwar farfesa, mutanen da take ambata da yawansu suna raye. Duk abin da aka ɗauko daga ciki ya shiga tebur da alama ta uku har sai wata takarda ta mara masa baya.

Wasiƙu ne ke gyara wannan. A fara da sashen rubuce-rubucen hannu na laburaren Åbo Akademi, sai ma'adanar Svenska litteratursällskapet i Finland da Laburaren Ƙasa a Helsinki. A tuna cewa wasiƙar da ta rubuta tana akwatin wanda ya karɓa, ba nata ba. A jera sunayen mutum goma sha biyar da ta fi hulɗa da su, a nemi tarin takardun kowannensu. Batun taimakon da ta ba samarin Finlan da ke sulalewa ta Suwidin zuwa Jamus don samun horon soja daga 1915, wato ƙungiyar Jääkäri, aikin ɓoye ne, kuma mai aikin ɓoye ba ya ajiye rasit. Mafi yawan abin da za a samu an rubuta shi ne bayan samun 'yanci a Disamba 1917, lokacin da kowa ke son a san ya taimaka. A faɗi wa ya ce, da yaushe ya ce.

Ranaku, kuɗi, da takardun ƙarshe

Finlan tana bin kalandar Turai ta yau tun zamanin mulkin Suwidin, Rasha kuwa ta zauna a tsohuwar har Fabrairu 1918. Bambancin kwana 12 ne a ƙarni na sha tara, ya zama 13 daga Maris 1900. Takardar da ta fito daga Saint Petersburg takan ɗauki rana biyu, ɗaya bisa ɗaya; sanarwar 1899, alal misali, 3 ga Fabrairu ce a can, 15 a Helsinki. A ɗauki ta Finlan, a faɗi haka sau ɗaya. A cikin kundinta kuma za a ci karo da kalandar juyin juya halin Faransa, wadda shekararta ta farko ta soma 22 ga Satumba 1792 aka daina ta a ƙarshen 1805. Akwai teburan juyawa, kada a yi lissafin da ka.

Albashi da kuɗin littafi za su zo da markka na Finlan, krona na Suwidin ko faran na Faransa. Kada a mai da su kuɗin yau. Markka ya zube ƙwarai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, adadin 1910 da na 1925 ba abu ɗaya suke nufi ba. A gwada abin da ta samu da albashin cikakken farfesa na wannan shekara, daga takardun jami'a ɗaya.

Ƙarshen rayuwarta a Suwidin ya kasance, don haka takardun Finlan za su yi ƙaranci daidai lokacin da ake ganin an kusa gamawa. A koma rumbun jaridun Laburaren Sarki da ke Stockholm don sanarwar rasuwa da ta'aziyyar Maris 1949, a gwada su da abin da jaridun Turku da Helsinki suka rubuta a makon, domin ƙasashen biyu ba abu ɗaya suka tuna da ita a kai ba. Daga nan a nemi takardar ƙididdigar gado, bouppteckning a Suwidin, perukirja a Finlan, wadda ke jera dukiya, bashi da magada. In an samu, a duba ko ta ambaci littattafai da akwatunan takardu da wanda aka bar wa su, sannan a koma tebur a cike layin ƙarshe da alama ta farko.